Yadda Ɗan Arewa Mazaunin Legas Zai Karanci Kimiyyar Kwamfuta a Jami'a Ya Fito da Sana'a a Hannu

A unguwanninmu na Legas, Agege ne ko Idi-Araba, Mile 12 ko Alaba Rago, kusan kowane gida akwai yaron da ake cewa "ai wane ya iya kwamfuta". Idan ka bi diddigi, abin da ake nufi shi ne shi ke maido wa Baba WhatsApp idan ya ɓace, shi ke tura kuɗi ta waya, shi ke zama a kan POS idan yayansa ya tafi masallaci. Daga nan sai a yanke cewa kwamfuta zai karanta a jami'a. Niyyar tana da kyau, amma gara a san abin da za a tarar. Kimiyyar kwamfuta a jami'a lissafi ne da tunani a tsare: ka warware matsala daki-daki har injin da ba shi da hankali ya iya bin umarninka bai ɓata ba. Wanda ke gudun lissafi tun sakandare zai sha wuya. Wanda kuwa yake iya zama da tambaya guda har sai ta warware, ko bai taɓa mallakar laftof ba, ya zo gida.

Ga yadda hanyar take, ƙanena ko ƙanwata, daga SS1 zuwa albashin farko.

Takardu kafin komai

Matakin farko ba ya buƙatar kwamfuta ko kaɗan. Ka shiga ajin kimiyya, domin abin da ake nema a WAEC ko NECO kiredit biyar ne da suka haɗa da Turanci, Lissafi da Fiziks, sai wasu darussan kimiyya biyu, galibi da Kemistiri a ciki. Idan makarantarku tana koyar da Further Maths, ka ɗauka ko abokanka duk sun gudu. Lissafin shekarar farko a jami'a daga cikinsa yake tasowa. Ka kuma dage ka haɗa kiredit ɗinka a zama ɗaya, domin Jami'ar Legas, UNILAG, ba ta karɓar haɗin sakamako biyu.

Sai abin da ya fi kayar da yaranmu, wato suna. Mu ne masu Muhammad a takardar haihuwa, Mohammed a WAEC, Muhammed a NIN. Mu ne waɗanda a firamare aka rubuta sunan mahaifi, a sakandare aka ƙara sunan gari, a NIN kuma aka sa na kaka. Tun 2021 JAMB ba ta yin rajista sai da lambar NIN, kuma daga rumbun hukumar NIMC take ɗauko sunanka da ranar haihuwarka kai tsaye. Abin da ke can shi zai bi ka har takardar digiri da ta bautar ƙasa. Saboda haka tun kafin a yi maka rajistar WAEC, ku baje takardunka a tabarma kai da mahaifinka, ku tsayar da rubutu ɗaya, jeri ɗaya, ranar haihuwa ɗaya. Gyara a NIMC yana yiwuwa, amma da kuɗi da jira, kuma ba abin da ake farawa ba ne ana saura mako biyu a rufe rajista.

Takarda ta gaba ita ce shaidar ƙaramar hukuma, wadda muke kira indijin. An haife ka a Agege, Yarbanci a bakinka kamar ɗan gida, amma idan asalinku Katsina ne ko Jigawa, daga can za a samo ta. A aika wa baffa ko kawu tun da wuri. Amfaninta ba ƙarami ba ne: tsarin jami'o'in tarayya ya raba gurabe kashi 45 cikin 100 ga cancanta, 35 ga jihohin da ke yankin jami'ar, 20 ga jihohin da aka ɗauka suna baya a ilimin boko, kuma yawancin jihohin Arewa suna cikin wannan jeri na uku. Yankin UNILAG jihohin Kudu maso Yamma ne guda shida. Wato ɗan Kano mazaunin Agege ba ya cikin kason makwabta a Akoka, amma a BUK ɗan gida ne. Kar dai ka jingina da kaso, kwas ne da ake rububinsa, makin cancanta za ka nema. Kuma kar wani ya ruɗe ku da indijin ɗin Legas ta bakin titi. Ana korar ɗalibi a kan takardar bogi ko yana shekarar ƙarshe.

JAMB da abin da ke biyo bayanta

Rajista kan buɗe a farkon shekara, jarrabawar kuma wajen Afrilu ko Mayu, kuma sai wanda zai cika shekara 16 ake ba gurbi. Ka samu layin waya naka na kanka, ba na mai shagon intanet ba, ba na yayanka da zai koma Kano da shi ba. Da shi za ka tura kalmar NIN, ka bar tazara, ka rubuta lambobinka 11, zuwa 55019 ko 66019. Za a turo maka lambar da za ka sayi fin ɗin rajista da ita, sannan ka je cibiyar jarrabawar kwamfuta, CBT, da JAMB ta tantance a ɗauki hotonka da zanen yatsunka. Kar ka bar layin nan ya mutu, da shi za ka duba sakamako. Darussa huɗu ne: Turanci dole, Lissafi, Fiziks, na huɗu kuma Kemistiri ya fi aminci. Kafin ma'aikacin cibiya ya danna maka komai, ka buɗe IBASS, kundin sharuɗɗan kwasa-kwasai da ke shafin JAMB, ka karanta sharaɗin jami'ar da kake so da idonka. Shi mutum ɗari ke layi a bayanka, sauri yake yi.

Tambayoyi 180 ne cikin awa biyu, 60 na Turanci, sauran arba'in-arba'in, jimlar maki 400. Idan ka raba, daƙiƙa 40 ke nan ga kowace tambaya, har da na Fiziks masu lissafi. Don haka karatu kaɗai bai isa ba, sai ka riƙa gwaji a kan kwamfuta, agogo na tafiya. Yaro mai ƙoƙari yakan zubar da maki don kawai hannunsa bai saba da linzamin kwamfuta ba.

Wace makaranta? UNILAG, wadda aka kafa a 1962, tana Akoka, tafiyar mintuna kaɗan daga Yaba, inda kamfanonin fasaha suka yi sansani. Ita ce ta fi zafi: sai ka sa ta a zaɓin farko, kuma sai da maki 200 zuwa sama ake kiran ka jarrabawar tantancewa, wanda hakan ƙofar shiga layi ce kawai. Tsarin da ta saba bi shi ne ta raba makin JAMB da takwas ya zama cikin 50, jarrabawar tantancewa cikin 30, sakamakon sakandare cikin 20, inda A1 ke da maki 4, C6 kuma 2. Duba nan da kyau. Mai 280 a JAMB yana da 35. Idan darussansa biyar duk C6 ne ya samu 10, idan duk A1 ne ya samu 20. Tazarar goman nan daidai take da maki 80 a JAMB. Shi ya sa masu cewa "WAEC ai kiredit kawai ake nema" suke cutar yara.

Jami'ar Jihar Legas, LASU, da ke Ojo, an kafa ta a 1983, kuma ga mazauna Alaba Rago da Okokomaiko kusan a bayan gida take, sai dai 'yan asalin jihar ke da fifiko. Akwai LASUSTECH a Ikorodu, tsohuwar kwalejin kimiyya ta jiha da ta koma jami'a a 2022, ta fi sauƙin kaiwa ga 'yan Mile 12 da Ketu. Masu hali suna da jami'o'in kuɗi irin su Pan-Atlantic a hanyar Epe, Caleb a Imota da Anchor a Ayobo. Kuma kar girman kai na zama a Legas ya hana ka duba ABU, BUK, ATBU ko FUT Minna. Daga ATBU ta Bauchi Isa Ali Pantami da Kashifu Inuwa Abdullahi, shugaban hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, NITDA, suka yi digirinsu na kwamfuta. Ana iya karatu a gida a dawo Legas neman aiki.

Wani abu kuma: tun bayan sabon manhajin karatu da hukumar kula da jami'o'i, NUC, ta fitar a ƙarshen 2022, kwamfuta ta zama fanni mai zaman kansa da rassa, akwai injiniyancin manhaja, tsaron intanet, kimiyyar bayanai, fasahar sadarwa da sauransu. A ganina wanda bai riga ya san inda ya dosa ba ya tsaya a uwar, wato kimiyyar kwamfuta, domin daga ita ana iya karkata ko'ina. Amma idan makinka bai kai ba kuma akwai gurbi a ɗaya daga cikin rassan, ka karɓa. Mai ɗaukar aiki ba ya tsayawa kan wannan bambancin.

Bayan tantancewa, ka tabbata an ɗora sakamakonka na sakandare a shafin JAMB, sannan ka riƙa leƙa CAPS, sashen shafin da ake fitar da gurabe. Duk gurbin da bai fito ta CAPS ba, babu shi, ko wa ya yi maka alkawari, ko nawa aka karɓa a hannun mahaifinka. Idan ya fito sai ka danna karɓa da kanka, ka buga takardar gurbin.

Idan bai fito ba, shekara ba ta tafi a banza sai ka bar ta. Kwalejin Fasaha ta Yaba, YABATECH, wadda ke nan tun 1947, tana ba da difloma ta ND a shekara biyu, da ita kana iya shiga aji biyu na jami'a kai tsaye idan sakamakon ya yi kyau. Karatun share fage na JUPEB da IJMB ma hanyar ke nan, a cikin kusan shekara guda. Wanda kuma ke riƙe da shago ba zai iya barinsa ba, akwai jami'ar karatu daga gida, NOUN, tana da cibiyoyi a Legas.

Kuɗi, laftof da zirga-zirga

Kuɗin makaranta yana canzawa, a shafin jami'ar za ka ga na bana. Ɗaliban makarantun gwamnati suna iya neman bashin NELFUND da aka fara a 2024. Ba shi da kuɗin ruwa, abin da iyayenmu suka fi tambaya ke nan. Ana biya wa makaranta kuɗinta kai tsaye, a ba ɗalibi na kashewa duk wata, biya kuma sai shekara biyu bayan bautar ƙasa. Ka kuma bibiyi hukumar tallafin karatu ta jiharku ta asali, ga inda indijin ta sake amfani.

Laftof dole ne, amma ba sai sabuwa ba. Tokumbo mai kyau daga Computer Village a Ikeja za ta kai ka ƙarshen digiri. Ka nemi irin ta ofis, ThinkPad, Dell Latitude ko HP EliteBook, mai Core i5 zubi na takwas zuwa sama, RAM 8GB aƙalla, da SSD mai 256GB. Kar ka saya a hannun masu tare mutane a bakin titin Otigba, ka shiga shago mai lamba wanda za ka iya dawowa gobe ka same shi. Ka zauna ka kunna ta. Ka danna kowane harafi. Ka buɗe farin shafi ka duba tabo a fuska. Ka gwada kyamara, Wi-Fi da kowace kafar USB. Ka sake kunnawa ka shiga BIOS, saitunan injin da ake shiga yayin kunnawa, ka tabbata ba a kulle da kalmar sirri ba. Batir shi ne rai a garin da wuta ba ta da alkawari, don haka ka buɗe Command Prompt ka rubuta powercfg /batteryreport, zai nuna maka ƙarfin batirin na asali da abin da ya rage masa. Idan ya faɗi ƙasa da rabi, a rage maka kuɗin sabon batir ko ka tashi. Ka karɓi rasit mai lambar injin, ka ɗauki hotonsa a waya. Saurayi mai laftof a jaka a Legas yakan gamu da masu tambaya a hanya, rasit da katin makaranta ke gajarta zancen.

Ɗakin kwanan ɗalibai a UNILAG ba ya isa, da yawa daga gida suke zuwa. Mazaunin Agege yanzu yana da jirgin ƙasa na Red Line da ya fara aiki a 2024, yana bi ta Ikeja, Oshodi da Mushin ya sauke ka a Yaba, daga nan sai motar Akoka. Da katin Cowry ake shiga. Ɗan Idi-Araba kuwa kusa yake, bai da uzuri. Ga iyayen 'ya mace da ke ɗari-ɗari: ku nema mata ɗaki a cikin makaranta tun ranar da aka buɗe nema, ku haɗa ta da 'yan'uwa na ƙungiyar ɗalibai Musulmi, MSSN, akwai masallaci a harabar. Kuma wannan na daga cikin sana'o'in da mace za ta iya yi daga ɗakinta bayan aure.

A cikin jami'a

Shekara huɗu ne a yawancin jami'o'i, biyar a wasu, ban da abin da yajin aiki zai ci. Na ASUU a 2022 wata takwas ya ɗauka. Shekarar farko za ta ba ka mamaki, domin kusan duk Lissafi ne da Fiziks da Kemistiri da darussan gama-gari, kwamfutar kaɗan ce. A nan ne da yawa suke sakin jiki, kuma a nan ake gina maki ko a rushe shi. Sakamakon A yana farawa daga maki 70 kuma yana da daraja 5, F kuwa sifili. Kwas mai nauyi uku idan ka ci A ka tara 15, idan ka faɗi ka tara sifili amma nauyin ukun yana cikin abin da za a raba da shi, ga kuma keri-oba na jiranka baɗi. Digiri mai daraja ta ɗaya daga 4.50 yake, ta biyu babba daga 3.50. Ka riƙe 3.50 ɗin nan da haƙori, domin bankuna da manyan kamfanoni da masu ba da tallafin karatu a waje da ita suke fara tace takardu.

Daga shekara ta biyu ake shiga ainihin abin: rubuta manhaja da harsuna irin su Python, Java ko C, tsarin jera bayanai da dabarun warware matsala, lissafin da ya shafi hujja da ƙidaya, yadda injin yake aiki daga ciki, rumbun bayanai, hanyoyin sadarwa. Za ka ji 'yan aji suna cewa duk wannan tsohon yayi ne, a waje ba a amfani da shi. Kar ka saurare su. Gaskiya ne wani lokaci za a sa ka rubuta manhaja da biro a takarda, kuma wani malamin littafinsa ya girme ka. Amma darasin tsarin bayanai da dabarun warware matsala shi ne dai abin da manyan kamfanoni ke tambaya a intabiyu, kuma shi ke raba wanda ya fahimta da wanda ya haddace.

Abin da jami'a ba za ta ba ka ba shi ne hannu. Wannan kai za ka nema, kuma tun hutun farko. Ka zaɓi harshe ɗaya, Python ya fi sauƙin farawa, ka zauna a kansa wata shida ba tsalle-tsalle. Darasin CS50 na Jami'ar Harvard kyauta ne, haka freeCodeCamp. Ka riƙa sauke bidiyo da dare lokacin da data ke araha. Sai dai kallon bidiyo ba koyo ba ne, kamar yadda zama a shagon tela kana kallo ba ya sa ka iya yanka yadi. Duk awa guda ta kallo, ka yi biyu kana rubutawa da kanka. Ka koyi Git, manhajar adana sauye-sauyen aikinka, ka buɗe asusu a GitHub, shafin da ake ajiye aikin kowa ya gani, ka nemi kunshin kayan aiki da suke ba ɗalibai kyauta. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin su ChatGPT suna rubuta kodin, wato umarnin manhaja, cikin daƙiƙa, kuma za ka yi aiki da su a ofis, amma a shekara biyun farko ka fara gwada naka ka gaza tukuna, sannan ka tambaye su dalili. Wanda ya saba kwafa ba ya iya gyara idan abu ya lalace, kuma gyaran ake biya.

To me za ka gina? A nan ne kai ka fi ɗan ajinku na Lekki dama. Kowa yana gina kalkuleta da shafin sayar da takalma na ƙarya. Kai kuwa ga Mile 12 a gabanka. Je wurin baffanka dillalin tumatir ka zauna kusa da littafinsa kwana biyu. Mota ta sauka daga Arewa da kwanduna, na mutum uku ne a haɗe. An ba wata Iya kwando goma, ta biya rabi, saura sai jibi. An cire la'ada, an cire kuɗin mota da na 'yan dako, an tura wa mai kaya sauran. Tambayi Baffa nawa yake bin Iya tun farkon wata, ka ga yadda zai yi ta juya shafi yana lasar yatsa. Wannan rumbun bayanai ne tsaf: teburin masu kaya, teburin masu saye, teburin kowace mota da abin da ta ɗauko, teburin biya. Za ka gane da kanka dalilin da ya sa ba a rubuta bashi a matsayin lamba guda da ake gogewa, sai dai a rubuta kowane biya daban a bar injin ya tara. Za ka gane dole manhajar ta yi aiki ko babu sabis, rubutun ya zama manya, da Hausa, maɓallai kaɗan, domin da hannu ɗaya Baffa zai danna yana ciniki da ɗayan. Ko a ƙarshe ya koma wa littafinsa, kai ka samu abin nunawa, kuma a intabiyu za ka yi minti ashirin kana bayanin abin da ka sani ciki da waje. Irin wannan na nan a kara ta Oko-Oba, a wurin 'yan canji, a garejin manyan motoci na Apapa, a makarantar Islamiyyar unguwarku da ke bin kuɗin wata a takarda.

Ka kuma fita cikin mutane. Mu 'yan Arewa a makarantun Kudu mukan dunƙule wuri ɗaya, daga aji sai masallaci sai gida. Ka shiga ƙungiyar ɗaliban kwamfuta ta NACOS da rukunin masu manhaja na Google a makarantarku, ka je taron masu manhaja na DevFest Lagos, ka leƙa tarukan cibiyar fasaha ta CcHUB a Yaba, wurin da Mark Zuckerberg ya ziyarta a 2016, wanda kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa shi, Bosun Tijani, ya zama ministan sadarwa a 2023. Yawancin ayyukan farko ta bakin aboki ake jin su. Turancinka ma ka gyara shi, na rubutu musamman, domin rabin aikin nan bayani ne.

Wajen aji uku za a tura ku koyon aiki a kamfani, wato SIWES, abin da ɗalibai ke kira IT, galibi wata shida, ƙarƙashin hukumar ITF. Kar ka kai takardarka ofishin wani ɗan'uwa inda za a sa hannu a littafinka kana gida. Ka fara nema wata uku kafin lokaci, da GitHub ɗinka a saman takardar. Gara ƙaramin kamfani a Yaba ko Ikeja inda za a ba ka aiki na gaske a duba shi a yi maka gyara, da babban ofis inda za a aike ka hoton takardu. Da yawa daga nan ake riƙe su. Firojet ɗin shekarar ƙarshe kuma kar ka saya. Ka faɗaɗa na Baffa.

Ina ake dosa da shi

Babbar hanya ita ce rubuta manhaja, ko ɓangaren da mutum ke gani a fuskar waya da shafi, ko na bayan fage inda ake lissafi da adana bayanai. Legas ce cibiyar kamfanonin hada-hadar kuɗi: Interswitch tun 2002, Flutterwave, Moniepoint, OPay, da Paystack, wadda ɗaliban kimiyyar kwamfuta biyu da suka fito daga Jami'ar Babcock, Shola Akinlade da Ezra Olubi, suka kafa a 2015, kamfanin Stripe na Amurka ya saye ta a 2020. Amma ba kowa ne zai zama marubucin manhaja ba, kuma ƙofar shiga ta ƙara matsewa ga sababbi. Mai son lissafi da ƙididdiga ya duba nazarin bayanai, ya ƙware a Excel, SQL da Python. Mai son wayoyi da na'urori ya bi hanyoyin sadarwa, ya nemi satifiket ɗin CCNA. Kamfanonin waya da cibiyoyin adana bayanai suna nan, kuma a gaɓar Legas wayoyin intanet na ƙarƙashin teku irin su MainOne da Equiano suke sauka. Tsaron intanet bankuna ke nema, ana farawa da satifiket ɗin Security+, sai dai ba a tsallake sanin hanyoyin sadarwa a faɗa masa. Akwai kula da sabobi, wato manyan kwamfutocin da ke ɗauke da manhajoji a intanet, a AWS na Amazon ko Azure na Microsoft, akwai zanen fuskar manhaja, akwai koyarwa da bincike, akwai hukumomi irin su NITDA da NIMC.

Akwai kuma fagen da harshen da ka sha a nono ya zama jari. Masu gina ƙirƙirarriyar basira suna fama da ƙarancin rubutu da murya na Hausa, kuma masu iya kodin da Hausa a lokaci guda ba su da yawa. Ka nemi ƙungiyoyi irin su HausaNLP da Masakhane da Arewa Data Science Academy, ka ba da gudunmawa ko ƙarama ce. Ta wannan hanyar ake haɗuwa da malaman da ke buɗe ƙofar digiri na biyu a waje.

Gargaɗi guda, kuma ba wasa a ciki. Da zarar an san ka iya, wani zai zo da "ɗan aiki": ka gina masa shafi mai kama da na banki, ko ka ara masa asusunka kuɗi su wuce a ba ka kaso. Dokar laifukan intanet ta 2015 tana hawa kan wanda ya gina da wanda ya ara, kuma sunanka da BVN ɗinka ne a jiki, ba nasa ba.

Bautar ƙasa shekara guda ce. Idan kamfanin da ka yi IT yana son ka, ka karɓi takardar neman ka daga wurinsu tun kafin ka shiga sansani. Takardar neman aiki shafi ɗaya ta isa, ayyukan da ka gina a sama, kowanne da adireshin da za a danna a gani. Yawanci za a fara da gwajin kodin mai ƙayyadadden lokaci, sai hira ta fasaha inda ake so ka yi tunani da babbar murya, don haka ka saba warware tambayoyin gwaji na shafin LeetCode kana yi wa aboki bayani. Aikin waje daga gida, wanda ake biya da dala, yakan zo bayan shekara biyu ko uku na gogewa, kuma yana buƙatar asusun dala, intanet mai ƙarfi da inbata ko sola. Duk wanda ya ce ka biya kuɗi kafin a ɗauke ka, ɗan damfara ne. Idan an ba ka takardar ɗauka, ka karanta ta a gida kafin ka sa hannu: nawa ne zai shigo asusunka bayan haraji da fansho, akwai inshorar lafiya, kwana nawa ake zuwa ofis a mako, domin daga Agege zuwa Lekki kullum rabin albashin farko a mota zai ƙare. Ka kuma yi maganar fita sallar Juma'a a wannan zaman, kafin a tsara maka taron mako-mako ƙarfe ɗaya da rabi.